Yadda Ƙananan Jiragen Filafili Suka Riƙa Hawa Jirgin Ƙasa a Birtaniya

Mai tambaya yana son ya san yadda masu tseren ƙananan jiragen ruwa na filafili a Birtaniya suke kai jiragensu wurin gasa a gari mai nisa kafin mota ta wadata a hannun jama'a, kuma ko da gaske ne a jirgin ƙasa ake loda su.

Da gaske ne, malam, kuma an daɗe ana yin haka, tun daga tsakiyar ƙarni na 19 har zuwa lokacin da mota ta karɓe aikin. Amma bari mu fara daidaitawa a kan irin jirgin da ake magana, domin siffarsa ce ke bayyana duk abin da zai biyo baya. Kwalekwale ne na katako, buɗaɗɗe, mai tsawon ƙafa 12 zuwa 14, da doguwar sanda a tsaye wadda ake ɗaura wa filafili, wato ƙyallen da iska ke bugawa ta tura jirgin. Mutum ɗaya ko biyu ke tuƙa shi. Nauyin gangar jikinsa kilo 100 ne da 'yan kai, ƙarti huɗu za su ɗaga shi cak. Ba shi da nauyi, amma yana da cin wuri, kuma ba ya son wahala, don falankansa sirara ne, an ɗora bakin wannan a kan na wancan an haɗa su da ƙusoshin jan ƙarfe. A idon ma'aikacin tashar kaya, babu kaya mai ban haushi kamar wannan: zai cinye masa tarago guda, ba zai kawo kuɗin nauyi ba, in kuma ya fashe mai shi zai zo da ƙara.

Kafin layin dogo, hanyoyi uku ne kawai. Ko ka tuƙa kwalekwalenka ta bakin teku, abin da ke da hatsari ga jirgi buɗaɗɗe, ko ka ɗora shi a bisa babban jirgin ruwa mai bin gaɓa, ko ka sa shi a amalanken doki. Shi ya sa kowace mashiga ta ruwa take da irin nata jirgin, da masassaƙanta, da dokokin tserenta, ba ruwan wannan da wancan.

Abin da jirgin ƙasa ya fara ɗauka mutane ne, jiragen daga baya suka biyo. Layi ya isa Windermere da Lowestoft a 1847, ya isa Wroxham da ke yankin tafkunan Norfolk a 1874, ya isa Burnham-on-Crouch a 1889. Dubi Burnham ɗin nan da kyau. Gari ne na masu kamun kawa, wani abincin teku mai ɓawo, a bakin kogin Crouch. Shekara uku kacal da zuwan jirgin ƙasa, a 1892, kulob ɗin masu jiragen filafili na Royal Corinthian ya buɗe reshe a can, domin yanzu ma'aikacin ofis a Landan zai iya tashi daga aiki ranar Asabar ya kwana a bakin ruwa. Da mutanen birni suka saba da wannan zirga-zirga, sai tunani na gaba ya zo da kansa: in ni jirgin ƙasa zai kai ni, me zai hana ya kai kwalekwalena?

Mutumin da ya fi kowa fito da wannan tunani fili shi ne John MacGregor, lauya ɗan asalin Sikotilan da ke zaune a Landan. A 1865 ya sa masassaƙan kamfanin Searle da ke Lambeth suka ƙera masa wani siririn kwalekwale da ya raɗa wa suna Rob Roy. Jikinsa na katakon oak ne, rufin samansa na katakon sida, ana tuƙa shi da matuƙi mai baki biyu, yana kuma da ɗan ƙaramin filafili. Tsawonsa ƙafa 15, faɗinsa inci 28, nauyinsa kimanin kilo 36. Dalilin ƙafa 15 ɗin shi ne abin da ya shafi tambayarka: MacGregor da kansa ya rubuta cewa an yi shi daidai yadda zai shiga taragon jiragen ƙasa na Jamus. Ka ga ke nan ma'aunin tarago aka fara dubawa kafin a yanka katako. Da wannan kwalekwale ya bi kogunan Meuse da Rhine da Danube da tafkunan Suwizalan, ya dawo ta Faransa, kuma duk inda wani ruwa ya ƙare sai ya ɗora abinsa a jirgin ƙasa ko amalanke ya nufi wani. Littafin da ya fitar kan tafiyar a 1866 ya samu karɓuwa ƙwarai, kuma a shekarar ce ya kafa kulob ɗin da ya zama Royal Canoe Club. Daga waɗannan jirage ne tseren kwalekwalen filafili na ƙarshen ƙarnin ya tsiro, a Ingila da kuma Amurka, inda aka kafa ƙungiyar masu kwalekwale ta ƙasa a tafkin George a 1880.

Akwai kuma batun doka, wanda mutane da yawa ke tsallakewa. A wancan zamani kamfanonin jirgin ƙasa na Birtaniya ba su da ikon zaɓen kayan da suke so. Dokar zirga-zirgar jiragen ƙasa da magudanan ruwa ta 1854, da waɗanda suka biyo bayanta, sun wajabta musu karɓar kayan jama'a ba tare da fifita wani ba, a kan farashin da aka wallafa. Akwai kundin rabe-raben kaya, kowane abu da ajinsa. Akwai kuma ofishin Railway Clearing House, wanda aka kafa a 1842, mai raba kuɗi tsakanin kamfanoni idan kaya ya ratsa layin kamfani fiye da ɗaya. Saboda haka mutum zai biya sau ɗaya a tashar garinsu, kwalekwalensa ya ratsa layukan kamfani uku ya sauka a ɗaya gefen ƙasar. Kaya mara nauyi mai cin wuri ba a bar shi ya biya kuɗin ainihin nauyinsa kawai, akwai mafi ƙarancin abin da za a caje shi. Sannan farashi iri biyu ne: mai sauƙi, wanda in kaya ya lalace asarar mai shi ce, da mai tsada, wanda kamfani ke ɗaukar alhaki.

To, a nan gizo ke saƙa: wane irin jirgin ƙasa ne zai ɗauka, na kaya ko na fasinja? Wanda bai san yadda jirgin kaya na Birtaniya yake a wancan zamani ba zai ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne ko kusa. Taragan kaya ana haɗa su ne da sarƙa mai zobe uku, sako-sako, kuma yawancinsu ba su da birkin da direba zai iya takawa daga gaba. Birki yana jikin injin da ke jan jirgin da taragon ƙarshe ne kawai, inda ma'aikaci ke murɗa shi da hannu. Idan jirgi zai tashi, sarƙoƙin nan suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya, kafin abin ya iso taragon baya ya zama fizga mai ƙarfi. In zai tsaya kuma, taragan su yi ta karo da juna. Wannan a kan hanya ke nan. A manyan filayen harhaɗa taragai, irin na Whitemoor kusa da garin March wanda aka buɗe a 1929, ana tura tarago ne ya hau ɗan tudu a sake shi ya gangara da kansa zuwa layin da aka ware masa, ya je ya daki na gabansa. Kwal ba ruwansa da wannan, bulo ma yakan jure. Kwalekwalen tsere mai siraran haƙarƙari kuwa, duka ɗaya ya isa ya tsaga masa falanki. Ga kuma rashin tabbas na lokaci, don tarago na iya yin kwanaki yana jiran jirgin da zai ja shi, ranar gasa kuwa ba ta jiran kowa.

Jirgin fasinja daban yake. Bayan mummunan hatsarin Armagh a watan Yuni na 1889, inda mutum 80 suka rasu, da yawansu yara, majalisa ta yi dokar da ta tilasta sa birki mai kama dukkan taragai a kowane jirgin fasinja. Taragansa kuma ana ɗaure su ne tamau da mahaɗi mai murɗawa, ba fizga ba karo. Sa'ar da masu kwalekwale suka ci ita ce, tun farkon zamanin layin dogo akwai wani tarago na musamman da ake maƙala wa jirgin fasinja don ɗaukar keken dokin masu hali. Attajiri zai shiga jirgi, dawakansa na taragonsu, kekensa na bisa wani shimfiɗaɗɗen tarago mai gajerun bango. Akwai buɗaɗɗe, akwai rufaffe mai ƙofa a goshi, kuma tashoshi da yawa suna da wani dakali a ƙarshen gajeren layi inda ake turo keke kai tsaye ya hau. Kamfanin Great Western, wanda ke laƙaba wa taragansa sunaye don saƙon waya, yana kiran buɗaɗɗen Scorpion, rufaffen kuma Python. Daga baya da su aka riƙa ɗaukar motoci da kayan 'yan wasan kwaikwayo. Tarago ne da aka yi shi don abu mai tsada, mai ƙyalli, mara nauyi, kuma mai shi yana cikin jirgin. Ni a ganina babu abin da ya dace da kwalekwalen tsere kamarsa. Ya fi na kaya tsada, kuma sai an sanar da tasha tun da wuri don a kawo shi, amma jirgi yana isa rana ɗaya da ubangidansa.

Faɗi bai taɓa zama matsala ba. Layukan Birtaniya sun yi suna wajen matsi, gadoji da ramukan ƙarƙashin tudu ba sa barin kaya ya wuce faɗin kimanin ƙafa 9, amma kwalekwale mai ƙafa 12 faɗinsa bai kai ƙafa 5 ba. Tsawon jiki ma da sauƙi, tunda ko taragon kaya na yau da kullum yana kai ƙafa 16 zuwa 17 da rabi. Sanda ce ke ba da wahala. Tsohon salon filafili, irin wanda ake ɗaga shi da wata sanda ta biyu a samansa, sandunansa gajeru ne, ana kwantar da su cikin jirgin ko a gefensa a ɗaure. Da aka koma dogon filafili mai kusurwa uku a shekarun 1920, sandar jirgi mai ƙafa 14 ta haura ƙafa 20, ta fi taragon tsawo. Duk kayan da ya zarce bakin tarago kuwa, ƙa'idar layin dogo ita ce a sa wani tarago wofi a ƙarƙashin abin da ya leƙo, wanda hakan ƙarin kuɗi ne, ko kuma a nemi dogon rufaffen tarago a tura sandar daban. Sanda mai rami a ciki, wadda aka haɗa da gam, ba ta son a ɗaure ta a lanƙwashe ko a ɗora mata wani abu.

Lodin kansa sana'a ce. Nauyin jirgi dole ya zauna a kan ƙashin bayansa na ƙasa, a tallafe gefunansa da buhunan ciyawa ko katakon da aka yanka daidai da siffar cikinsa. In aka bar shi ya kwanta a kan falanki, kafin a isa ya lotsa. Igiya kuma, in ta yi sako-sako jirgi ya yi ta zamewa, in ta yi tsauri ta matse bakinsa, don haka ake sa tsumma duk inda za ta taɓa katako. Sai tamfol, saboda kan jirgi mai cin kwal yana zubar da toka da tartsatsin wuta, ga fentin jirgin tsere da aka sha wahalar gogewa. Wani abin da sai mai jirgin katako ya sani shi ne bushewa. Falankan nan ruwa ne ke kumbura su su toshe tsakaninsu. In jirgi ya yi kwanaki a tarago cikin zafin bazara da iska, katakon ya tsuke kamar yadda turmi ke tsagewa da hunturu, ranar da aka sa shi a ruwa sai ya yi ta yoyo. Maganin shi ne a isa da wuri a jiƙa shi ya kwana, wanda hakan wani dalili ne kuma na gudun jirgin kaya. Daga tasha zuwa bakin ruwa kuma wani aikin ne: amalanken doki na kamfanin, ko daga 1934 ƙaramar motar Scammell mai taya uku da ta maye gurbin dokin, ko kuma kurar hannu da 'yan dako. Garuruwa irin Lowestoft, inda tasha ke dab da mashigar jirage da gidan kulob, sun ci ribar wannan.

Manyan jirage ma sun hau layin dogo, ko da yake ba su ka tambaya ba. A ƙarni na 19 kamfanoni sun sha kai jiragen ceto na RNLI, ƙungiyar ceton rayuka a teku, daga Landan zuwa garuruwan gaɓa kyauta. Jiragen fasinja na tafkin Windermere, Teal a 1936 da Swan a 1938, a Barrow aka ƙera su, aka kawo su gunduwa-gunduwa a tarago zuwa Lakeside da ke bakin tafkin aka haɗa.

Babban tasirin wannan duka a kan wasan shi ne samuwar jirage masu doka ɗaya a ƙasa baki ɗaya. Ba amfanin a ce jirgin Devon da na Norfolk su bi ma'auni ɗaya in ba za su taɓa haɗuwa ba. George Cockshott ya zana kwalekwale mai ƙafa 12 wanda ya ci gasar zane ta ƙungiyar masu tseren ƙananan jirage kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya bazu har Holan da Italiya, aka yi tsere da shi a wasannin Olamfik na 1920 da 1928. A shekarun 1920 kuma aka dunƙule ire-iren jirage masu ƙafa 14 na yankuna daban-daban suka zama aji ɗaya, aka sa musu Kofin Yariman Wales. An fara shi a Cowes a 1927, shekara ta gaba aka kai shi Lowestoft, can gabashin ƙasar, inda Uffa Fox ya lashe da jirginsa Avenger, wanda a kakar 1928 ya zo na ɗaya sau 52 a tsere 57. Kofin da ke yawo daga gaɓa zuwa gaɓa ba zai yiwu ba sai in an san jirage na iya bin sa ta tudu. Sai dai kada a zarce gona da iri a ce tarago ne ya yanke ƙafa 12 da 14. Waɗannan ma'aunai sun fito ne daga ƙananan jiragen da manyan jiragen shaƙatawa ke ɗauke da su don sauka gaɓa, da kuma jiragen gargajiya na mashigai. Dacewa suka yi da tarago. Rob Roy ne aka auna da gangan.

Jamusawa sun bi ta wata hanyar dabam: maimakon neman tarago, sai suka naɗe jirgin. A 1905 wani ɗalibi, Alfred Heurich, ya gangara kogin Isar daga Bad Tölz zuwa Munich a kwalekwalen da ake harhaɗawa da sanduna da fatar tamfol. A 1907 wani tela na Rosenheim, Johann Klepper, ya sayi izinin ƙera shi. Jirgi ne da ke shiga jaka biyu ko uku, mutum ya shiga jirgin ƙasa da shi a matsayin kayan hannu, ya sauka a saman kogi, ya haɗa, ruwa ya dawo da shi gida, wasu ma har da ɗan filafili. Tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu abin ya zama ruwan dare, har ana ware jiragen ƙasa na musamman daga Munich a ƙarshen mako don masu wannan wasa.

Mutane kan ɗora wa Richard Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya a lokacin, laifin mutuwar al'adar kai kwalekwale a jirgin ƙasa, saboda rahotonsa na 1963 da ya ba da shawarar rufe tashoshi 2,363 da layi mai tsawon mil 5,000, kuma da yawan layukan ƙananan rassa ne masu zuwa bakin teku. Shekara guda kafin nan, dokar sufuri ta 1962 ta riga ta sauke wa hukumar jiragen ƙasa nauyin karɓar kowane irin kaya. Duka biyun sun faru, amma ni ban yarda su ne suka kashe ta ba. Ko da suka zo, sun tarar masu jirage sun riga sun watse daga tasha. Tun shekarun 1930 masu hali a cikin 'yan tsere suka fara jan jiragensu a bayan mota a kan 'yar ƙaramar tirela mai taya biyu. Bayan yaƙi, gam mai jure ruwa da katakon filawud da aka inganta don ƙera jiragen sama suka sauya sana'ar gaba ɗaya. Jirgi ya ƙara sauƙi, ya daina yoyo don ya bushe, kuma mutum na iya haɗa shi da kansa a garejin gidansa. An daina rabon man fetur da kati a 1950. Motocin hawa da suke kusan miliyan 2 a wannan shekara sun kai kusan miliyan 10 a 1970. Mai zanen jirage Jack Holt ya zana jirgin GP14 a 1949 da Heron a farkon shekarun 1950, kuma Heron ɗin an yi shi ne musamman don ya hau rufin mota. Ya zana Enterprise a 1956, sannan shi da Barry Bucknell suka fito da Mirror a farkon shekarun 1960, mai tsawon ƙafa 10 da inci 10, wanda aka ƙera fiye da 70,000, kuma sandunansa duk suna kwanciya a cikinsa. Laser da Topper na shekarun 1970 ma da rufin mota aka auna su. Abin da MacGregor ya yi da tarago, shi waɗannan suka yi da mota.

Dalilin da ya sa mota ta yi nasara ba wuyar ganewa. Tana ɗaukar jirgi daga ƙofar gida ta sauke shi a bakin ruwa, ba sanar da tasha, ba amalanke a farko da ƙarshe, ba hannun baƙo da zai taɓa shi. Ga shi kuma sababbin kulob na bayan yaƙi yawancinsu a madatsun ruwa da tsofaffin ramukan haƙar tsakuwa aka kafa su, wuraren da ba tasha kusa. Abin da ke damuna a wannan sauyi shi ne, a da saurayin da ba shi da abin hawa yana iya kai jirginsa gasar ƙasa da kuɗin tikiti da na tarago, yanzu kuwa sai wanda gidansu ke da mota ko ya samu mai taimaka masa.

Ga manyan gasa na duniya an samo wata mafita tun da wuri, wato a kai mutum a bar jirgi. A Olamfik na 1948, wanda aka yi tseren ruwansa a Torbay, masu shirya gasa ne suka tanadi jiragen Firefly, zanen Uffa Fox da kamfanin Fairey Marine ya ƙera, kowane ɗan wasa aka ba shi guda, kuma a cikinsu ne Paul Elvstrøm na Denmak ya ci zinarensa na farko yana ɗan shekara 20. Har yau haka ake yi a manyan gasannin ajin Laser. Sauran azuzuwan kuma sukan haɗa kuɗi su yi hayar kwantena mai ƙafa 40, a jera jirage da yawa a kan kantocin ƙarfe a cikinta, sanduna a gefe. Irin wannan kwantena takan hau tarago tsakanin tashar jiragen ruwa da cikin ƙasa, tunda Birtaniya ta fara jiragen ƙasa na kwantena da sunan Freightliner tun 1965, kuma taragansu duk masu birki ne, ba a sakinsu daga kan tudu.